Ƙafarka Na Kan Me?

Ina cikin aji a lakwal, wato makarantar bokon da nake koyarwa a Gidigir, da hantsi, alli na hannuna, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Ba al'adata ba ce in ɗauki waya a gaban yara. Amma da na duba na ga sunan Limamin unguwarmu ta Gure, sai na san ba lafiya ba, domin Liman ba mai kira don a gaisa ba ne. Na fita bakin ƙofa na amsa. Ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a wajenmu, ya ce, "Mushe Habu, sai haƙuri. Malam Ari ya riga mu gidan gaskiya. Yana zaune a zaure ya ce a kawo masa ruwa, kafin a kawo Allah ya karɓi abinsa."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Allah ne shaidata, maganar da ta biyo baya a bakina ba ta Baba ba ce. Cewa na yi, "Liman, ina Laminu?"

Liman bai yi mamaki ba. Ya san abin da nake tambaya, kamar yadda duk unguwar ta sani. Ya ce, "Yana nan zaune kusa da gawar, bai ce wa kowa uffan ba. Ka dai hanzarta."

Laminu ƙanena ne, mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin ɗan da aka gaya wa rasuwar ubansa ya hau tambayar ƙanensa. Ba zan iya warware wannan ba sai na faɗi wane ne Malam Ari, da abin da yake riƙe da shi har ranar da ya bar mu.

Mahaifinmu maginin rijiya ne. Daga Gure zuwa Gamu har ƙauyukan Bune, da wuya matafiyi ya yi nisa bai sha ruwan rijiyar da ya gina ko ya yashe ba. Amma ba da haƙa aka fi saninsa ba, da riƙon igiya aka san shi, shi ya sa manya da yara suke ce masa Mai Igiya. Ƙasarmu rairayi ce, kuma rijiyar rairayi ba ta son gaggawa. Mutum yana can ƙasa da igiya ɗaure a ƙugunsa, ɗan rairayi ya zubo masa a wuya, nan take zuciyarsa ta ce masa rijiya ce za ta rufta. In ya biye mata ya fara dafe bango yana neman hawa, to shi da hannunsa zai jawo ƙasar a kansa. Na sama kuma in ya ruɗe ya fizgi igiya, ko ya matso baki yana leƙe yana tattakawa, ya ƙara wa na ƙasa wahala. Baba ya sha gaya mana cewa waɗanda ya sani rijiya ta ci, tsoro ne ya fara cin su kafin ƙasa ta iso.

Na taɓa ganin aikin da idona. Lokacin hutun lakwal ne, na riga na fara koyarwa, na bi shi wani ƙauye ta wajen Bune inda suke gina sabuwar rijiya. Abokin aikinsa Idi ne a ciki, an jera zoben siminti daga sama amma ba a kai ga na ƙasa ba. Muna zaune sai muka ji ihu daga cikin rami.

"Ku ja! Ku ja ni! Tana ruftawa!"

Mutanen ƙauye suka yo ca, kowa na miƙa hannu ga igiya. Ni ma wallahi na kai nawa. Baba ya ɗaga hannu ɗaya ya ce kowa ya ja da baya. Ya durƙusa ɗan nesa da bakin rijiyar, igiya naɗe a damtsensa, ya yi magana da irin muryar da yake tambayar Inna ko an sauke tuwo.

"Idi, ƙafarka na kan me?"

"Malam, zan mutu!"

"Kowa ma zai mutu. Ba shi na tambaye ka ba. Ƙafarka na kan me?"

Muka jiyo nishinsa daga ƙasa. Can Idi ya ce, "Kan ƙasa."

"Jiƙaƙƙa ko busasshiya?"

"Jiƙaƙƙa."

"Tana motsi?"

"Ba ta motsi."

"To igiya na hannuna. Ja numfashi, ka yi bismilla, ka ɗauke hannunka daga bango."

A hankali aka jawo shi. Rairayin da ya zubo masa bai fi cikin ƙwarya ba, amma inda ya daddafa da hannu bangon ya riga ya tsage. Wasu samari suka fara dariya ganin ƙato kamar Idi yana kyarma. Baba ya juya ya kalle su kallo ɗaya, dariyar ta mutu. Ya ba Idi ruwa da hannunsa, ya zauna kusa da shi har jikinsa ya dawo daidai.

A hanyar komawa na tambaye shi, "Baba, mutum yana ganin mutuwa kai kana tambayar ƙafa?" Ya ce, "Habu, mai tsoro ba ya nan inda yake tsaye. Ya riga ya gudu can gaba, inda abin ya riga ya faru, yana kallon gawarsa. Ba ka iya magana da mutumin da ba ya nan. Ƙafarsa kaɗai ta rage a wurin, sai ka kira shi ta wajenta."

Wannan tambaya ba a bakin rijiya kaɗai ta tsaya ba, har cikin gida ta bi shi. Mace ta shigo a guje, gyale a hannu, ɗanta na zazzaɓi ya fara sanƙarewa, sai Baba ya tsayar da ita da wannan tambayar kafin ya sa a nemo mai babur a kai su gidan likita. Makiyayi da mai gona su tsaya a bakin rijiya kowa ya kai hannu ga sanda, sai Baba ya shiga tsakani ya ce su zauna tukuna, ya tambayi kowa abin da yake tsoron ya rasa. Inna har tsiya take yi masa. Takan ce, "Malam, kai ko gobara ce ta tashi a gidan nan sai ka tsaya ka tambayi ƙafa." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Da ita za ki gudu ai, gara ki san inda take."

Ni kuwa zafin kai na ɗauko, Inna ta ce na wani kawunta ne. Abu kaɗan ne zai sa in ɗaga murya har maƙwabta su ji. In na shigo gida ina huci, wani ya ɓata mini rai a wurin aiki, Baba yakan bar ni in gama zazzaga, sannan ya ce, "Habu, me kake tsoro?" In ce, "Haba Baba, ni tsoro? Fushi nake yi!" Sai ya ce, "Ɗaga fushin ka duba ƙarƙashinsa." Abin yana ba ni haushi matuƙa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne in na duba ɗin nakan samu.

Kada wani ya ɗauka shi bai san tsoro ba. Ya taɓa gaya mini cewa tun yana saurayi har furfura ta fito masa bai taɓa shiga rijiya tsoro bai raka shi ba. Ya ce, "Tare muke sauka, tare muke hawowa. Abin da na hana shi guda ɗaya ne, ba na ba shi igiya ya riƙe."

Laminu shi ne mai fara'a a cikinmu. Ya shiga soja, aka tura su gabas, inda babu zaman lafiya. Da ya dawo, jikinsa lafiya lau, ko tabo babu na a zo a gani, amma ba Laminun da muka sani ba ne ya sauko daga mota. Daga baya muka ji abin da ya faru. Suna cikin wani rami da suka haƙa don fakewa, shi da abokinsa, wani abu ya fashe kusa da su, ƙasa ta rufe su duka biyu. An tono Laminu da rai, abokinsa kuwa ya cika a jikinsa kafin a iso gare su.

Tun daga nan ba ya zama ya ba ƙofa baya. Tayar mota ta fashe a tasha, sai a tsince shi kwance rub da ciki a cikin ƙura. Ko kusa da rijiya ba ya zuwa, ɗan maginin rijiya guda. Yaransa da a da suke hawa wuyansa suka koma laɓewa in sun ji takunsa, saboda tsawa. Matarsa Falmata, ƴar mutanen Gamu, mace mai kawaici, ta yi ta haƙuri tana rufa masa asiri.

Wata rana da la'asar, ina gida hutu, yana barcin rana Falmata ta taɓa kafaɗarsa don ya tashi ya yi salla. Bai buɗe ido sosai ba ya cafki wuyanta da hannu biyu. Ihun ƴarsu ne ya dawo da shi hayyacinsa, shi ne kuma ya kawo mu a guje. Na ga Falmata durƙushe tana tari, shatin yatsu a wuyanta, na ga Laminu jingine da bango yana kallon hannuwansa. Zuciya ta ɗebe ni, na yi kansa ina cewa wane irin namiji ne wannan, ashe jarumtar da ya koyo ke nan. Baba ya tsaya a tsakaninmu. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Habu, mutum ɗaya ya firgita a ɗakin nan, ga abin da ya jawo. Kada ka zama na biyu."

Mutane da yawa sun san Baba da sanyin hali, amma kaɗan ne suka san sanyin nan ba ya rufe gaskiya. Washegari shi da kansa ya raka Falmata da yaranta Gamu, gidan mahaifinta Malam Bukar. Bai ɓoye komai ba, bai ce tsautsayi ne ba. Ya ce masa, "Ƴarka amana ce a gidana, ga abin da ɗana ya yi mata. Kada ka mayar da ita sai ran da ni da bakina na zo na roƙe ka." Da ya dawo ya kira Laminu zaure, ina zaune. Ya ce, "Abin da ya same ka a can ba kai ka jawo ba, kuma ba abin kunya ba ne. Amma ba Falmata ce ta rufe ka da ƙasa ba. Tsoron nan naka ne, za mu taya ka ɗauka, amma ba ka da ikon sauke shi a wuyan kowa." Laminu ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Masu ba da shawara suka yi yawa. Wannan ya ce iska ne, wancan ya ce sammu ne, wani ya ce a ɗaure shi. Baba ya saurari kowa ya yi godiya. Ya ci gaba da yi masa addu'a yana tofa masa safe da yamma, sannan ya ɗauke shi a mota suka tafi Damagaram wajen lokotoro, wato babban likita mai duba irin wannan ciwon. Suka dawo da magani da ranakun komawa, kuma Baba bai taɓa barin ranar ta wuce ba. Wani dattijo ya ce masa ina ruwan malami da ƙwayar likita, ya amsa masa cewa shi a sana'arsa in rijiya ta yi zurfi igiya biyu yake ɗaurawa.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya tayar mini da hankali. A lokacin Baba ya tsufa, ya daina shiga rijiya, daga sama yake tsayawa. Sai ya fara tafiya da Laminu wurin aiki. Da farko Laminu can nesa yake zama ƙarƙashin itace, ya juya wa rijiyar baya. A hankali ya matso, har ya fara miƙa guga. Ranar nan sai labari ya iske ni a Gidigir cewa Baba ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya sauka yasar wata rijiya, kuma Laminu ya ba riƙon igiyar. Ban jira hutu ba, na shigo mota na zo.

Na ce, "Baba, don Allah wannan wane irin ganganci ne? Ranka za ka sa a hannun mutumin da faɗuwar murfin tukunya ke firgitarwa? In wani abu ya yi ƙara ya saki fa?"

Ya ce, "Zauna, Habu." Na zauna ina huci. Ya ce, "Tun da yaron nan ya dawo, kowa riƙe shi yake, har ya yarda shi kaya ne. Wanda aka daɗe ana riƙewa yana bukatar ya riƙe wani, in ba haka ba ba zai san hannunsa na da sauran amfani ba."

"In ya saki fa?"

"Bai saki ba."

Idi ne ya ba ni sauran labarin. Ya ce duk lokacin da Baba ya ji igiya ta fara rawa, ya san hannun na sama ne ke kyarma, sai ya ɗaga kai daga can ƙasan rijiya ya kira, "Laminu, ƙafarka na kan me?" Laminu ya amsa, "Kan ƙasa, Baba." "Tana motsi?" "Ba ta motsi." Sai igiya ta tsaya cak, aiki ya ci gaba. Idi ya ce tsawon zamansa a sana'ar bai taɓa ganin na ƙasa yana kwantar wa na sama hankali ba sai a wurin Malam Ari.

An daɗe ana haka, damina ta zo ta wuce, kafin Baba ya shirya ya koma Gamu. Ya ce a fara tambayar Falmata, in ba ta so ba zai ƙara magana ba. Ta ce za ta dawo. Malam Bukar da kansa ya kawo ta, kuma a zaurenmu, a gabana, ya faɗi maganar da ta zauna mini a rai. Ya ce, "Malam Ari, ba don ɗanka na mayar da ita ba, don kai ne. Muddin kana cikin gidan nan hankalina kwance yake. Ranar da ba ka, zan zo in duba."

Tun daga ranar Laminu bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. Ba wai abin ya bar shi ba ne. In ya ji yana taso masa, sai ya tashi ya fita zaure, ya tuɓe takalmi, ya zauna kusa da Baba ƙafafunsa a kan rairayi har ya lafa. Yaransa suka dawo hawa wuyansa. Amma duk mun san inda ƙarfin yake fitowa, kuma rami dai, ko na shuka itace ne, Laminu bai ƙara sa ƙafarsa a ciki ba.

Wannan shi ne abin da ke cikin kaina a motar da ta ɗauko ni daga Gidigir ranar rasuwar. Ina kukan Baba, ina kuma tambayar kaina wa Laminu zai zauna kusa da shi yanzu.

Na iske ƙofar gida cike da jama'a. An riga an yi wa Baba wanka an sa shi a likkafani. Laminu na zaune daf da makara, ba takalmi, idonsa a bushe. Na shiga cikin gida, Inna ta kama hannuna ta ce, "Habu, ka kula da ƙanenka." Falmata na gefenta, ido ya kumbura. Da na fito sai ga Malam Bukar ya iso daga Gamu a motar da ya ɗauko shata. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Amma na lura bai sallami mai motar ba, ya ce masa ya gyara tsayuwa a inuwa ya jira. Nan take na san mota ce da za ta ɗauki mace da yaranta.

Bayan azahar aka yi masa salla, aka ɗauki makara zuwa maƙabarta. Ban taɓa sanin Baba na da jama'a haka ba. Makiyaya sun baro dabbobinsu, mutanen ƙauyuka sun zo a amalanke, kowa na neman ya sa kafaɗa. Masu haƙa sun yi zurfi fiye da yadda aka saba kafin su sami ƙasa mai ƙarfi, saboda rairayin wurin. Liman ya ce, "Wa zai shiga ya karɓe shi?"

Na yi sauri na ce, "Ni da Idi."

Sai na ji murya a bayana. "Ni zan shiga."

Na juya na ce ƙasa-ƙasa, "Haba Laminu, bari mana. Ba dole ba ne, ba wanda zai ga laifinka."

Ya ce, "Yaya, da tsufansa ya shiga rami domina. Ka bar ni."

Na matsa, ya sauka shi da Idi, ramin ya kai masa ƙirji. Na tsaya daidai saman kansa, ina kallon wuyansa da kafaɗunsa. Can gefe na hangi Malam Bukar, shi ma ba gawar yake kallo ba. Aka miƙa Baba, suka karɓe shi a hannu biyu, suka fara sunkuyawa da shi.

Sai rairayi ya zubo. Ya sauka a ƙeyar Laminu, ya gangara cikin rigarsa, wani ya zuba a kan likkafani. Wani a cikin jama'a ya ce, "Subhanallahi!" Laminu ya sandare a sunkuye, gawar Baba a hannunsa, idonsa a rufe. Ni kuwa na ga komai ya riga ya faru. Na ga ya saki gawar, na ga yana ihu yana dafe bango, na ga motar Gamu ta tashi da Falmata da yara. Na sunkuya ina miƙa hannu ina ɗaga murya, "Ku fito da shi! Idi, karɓi gawar! Ku kama hannunsa mana!" Rairayi ya ƙara zubowa, fiye da na farko.

Leɓɓan Laminu na motsi. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake shi. Sannan ya buɗe ido, ya ɗago kai ya dube ni daga cikin kabarin, ƙasa a gashin girarsa, ya yi magana a hankali.

"Yaya, ƙafarka na kan me?"

Na duba. Ƙafata na kan gaɓar kabarin, daidai bakinsa, ta nutse a rairayi har idon sawu. Ni nake zubo masa ƙasar.

Na ja da baya. Rairayin ya tsaya. Liman na ta salati. Laminu ya ƙarasa sunkuyawa, suka kwantar da Baba a gefensa na dama, fuskarsa na duban alƙibla. Ya sa tafin hannunsa ya share ƙasar da ta zuba a kan likkafanin, a hankali, tun daga kai har ƙafa. Aka miƙo itatuwa ya jera su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Da ya gama ya miƙo mini hannu, na kama, na jawo shi sannu yadda na ga Baba na jawo mutane. A nan ne na fashe da kuka, a kafaɗar ƙanen da aka ce in kula da shi.

Da yamma, bayan jama'a sun ragu, Malam Bukar ya ce a kira masa Laminu. Ya zo ya durƙusa a gabansa. Dattijon ya dube shi ya ce, "Na gaya wa mahaifinka ranar da ba shi zan zo in duba. To na zo, na duba." Ya aika a gaya wa Falmata ta yi haƙuri ta kula da Inna, sai ya dawo sadaka. Ya shiga motar shatar shi kaɗai ya koma Gamu.

Ba zan ce Laminu ya warke ba, Baba ma bai taɓa faɗin haka ba. Yana shan maganinsa, yana zuwa Damagaram in ranarsa ta zo, yanzu ni nake raka shi. Har yau yakan fita zaure ya tuɓe takalmi ya zauna a inda suka saba zama, igiyar Baba na rataye a bango sama da kansa. Wani lokaci nakan same shi a wurin in zauna kusa da shi. Idi ya ce in zaman makoki ya wuce akwai rijiyar da suka bari ba su ƙarasa ba ta wajen Bune, kuma Laminu ya ce shi zai riƙe igiyar.

Ya Allah, bawanka Ari ya zo gare ka. Ya shayar da bayinka da dabbobinsu ruwa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙuri da juriya. Ka saka wa Falmata da mahaifinta da alheri, ka raya jikokinsa cikin aminci. Ka ƙara wa Laminu lafiya da natsuwa, ni kuma ka sanyaya mini zuciya, ka sa in riƙa duba inda na taka kafin in ɗaga murya. Duk wanda tsoro ya hana shi zaman lafiya da iyalinsa, ka haɗa shi da mai riƙe masa igiya.

Ya Ubangiji, ya yi rayuwarsa yana kwantar da hankalin waɗanda suke cikin rami. Yau shi ne a ciki, shi kaɗai, kuma igiyarmu ba ta kai can ba. Ka cire masa tsoro, ka tabbatar da ƙafarsa a lokacin tambaya. Amin.